Bushewar Ido Mai Daɗewa: Abin Da Abinci Zai Iya Yi, Da Wanda Ba Zai Iya Ba

Idan hunturu ya kama, mutane da yawa sukan yi kukan ido. Iska ta bushe, ƙura ta tashi, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi. Wannan ba baƙon abu ba ne. Da zarar ruwan sama ya sauka, ƙura ta kwanta, sai ido ya koma daidai.

Amma akwai waɗanda nasu ba ya wucewa. Rani da damina duk ɗaya ne a wurinsu. Mace za ta tashi da asuba ta ji fatar idonta ta manne. Ta wuni tana jin kamar an watsa mata yashi a ido. Hasken rana yana damunta. Idan ta zauna ɗinkin hula ko tsintar shinkafa, ba a jima ba sai ganinta ya dushe, sai ta yi ta ƙifta ido kafin ya washe. Ga kuma baki a bushe. Ba ta iya haɗiye tuwo sai da miya mai yawa. Ƙuli-ƙuli kuwa ko gasasshiyar masara, sai da ruwa a kusa. Da dare takan farka sau biyu ko uku don ta jiƙa maƙogwaro. Wani lokaci a yi rasuwa a gida, ta yi kuka hawaye bai fito ba, har a riƙa yi mata kallon mai taurin zuciya.

Idan waɗannan alamu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma suka wuce wata uku, likitoci sukan yi zargin wani ciwo da ake kira ciwon Shogiren.

Aikin hawaye

Hawaye ba na kuka kaɗai ba ne. Kowane lokaci akwai ɗan hawaye shimfiɗe a kan ido, ko mutum yana dariya. Duk ƙiftawa ɗaya, fatar ido tana sake shimfiɗa shi. Shi ne ke wanke ƙura, yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma sa gani ya fita sarai.

Abu uku ne suka haɗu suka zama hawaye. Akwai ruwa, wanda ke fitowa daga wata 'yar maɓuɓɓuga da ke ƙarƙashin ƙashin gira, ta wajen gefen ido. Akwai yauƙi, kamar na kuɓewa, wanda ke sa ruwan ya kama ƙwayar ido. Sannan akwai maiƙo, wanda ke fitowa daga wasu ƙananan kafofi a bakin fatar ido, bayan gashin ido. Maiƙon yana rufe ruwan ta sama, kamar yadda mai ke rufe saman miya, don kada iska ta busar da shi da wuri. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, ido zai bushe.

Wani abin mamaki shi ne, busasshen ido yakan yi ta zubar da ruwa a wasu lokuta, musamman a cikin iska. Ido ne ke neman ceton kansa. Amma wannan tsinkakken ruwa ne, ba ya zama, sai ya gangaro kumatu ya bar idon yadda yake.

Mene ne ciwon Shogiren?

An ba ciwon sunan wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjogren, wanda ake faɗin sunansa Shogiren. Shi ya yi cikakken bayaninsa a shekarar 1933, bayan ya duba wasu mata masu bushewar ido da baki, da yawansu kuma suna da ciwon gaɓoɓi.

Jikin ɗan Adam yana da garkuwa, wato sojojin da ke yaƙar cuta idan ta shigo. A wannan ciwo, sojojin ne ke ruɗewa su juya su kai hari gida. Sukan far wa maɓuɓɓugar hawaye da maɓuɓɓugan yawu, su sa su kumbura, a hankali aikinsu ya ragu. Ba a ɗaukar ciwon daga wani. Ba afolo ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma kambun baka ba ne. Ana iya cin abinci kwano ɗaya da mai shi ba tare da fargaba ba.

A cikin mutum 10 masu ciwon, kusan 9 mata ne. An fi gano shi bayan shekara 40, amma yana kama masu ƙananan shekaru ma. Wani lokaci yana zuwa shi kaɗai. Wani lokaci yana biyo bayan ɗan'uwansa, wato amosanin gaɓoɓi mai kumbura yatsu yana sandarar da su da safe, ko ciwon da likitoci ke kira lufus. Mai shi yakan yi fama da gajiya mai tsanani, irin wadda barci ba ya kawar da ita. A nan ne ake yawan zaluntar mata, a ce lalaci ne ko son jiki.

Har yau ba a samu maganin da zai raba mutum da wannan ciwo gaba ɗaya ba. Amma ana lallaɓa shi, a rage wahalarsa, a kare ido da haƙora. Abinci yana da nasa rabo a wannan aiki, sai dai ya kamata a san iyakarsa.

Maganar kifi da mansa

Abin da aka fi ambata wajen bushewar ido shi ne wani irin mai da ake kira omega-3. Yana rage kumburi a jiki. An fi samunsa a kifin teku mai maiƙo, irin su kifin ƙanƙara da ake kira taitus, da sadin na gwangwani. Tarwaɗa da ƙarfasa abinci ne mai kyau, amma nasu man bai kai na taitus ba. Waken suya da awara suna da wani nau'insa kaɗan. Gyaɗa da riɗi suna da amfaninsu, sai dai man da ya fi yawa a cikinsu wani iri ne daban.

A shekarar 2005 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka a kan mata fiye da 32,000. An ga cewa waɗanda suka fi cin irin wannan kifi ba su cika fama da bushewar ido ba. Daga nan sai kasuwar ƙwayoyin man kifi ta buɗe. Aka riƙa tallarsu a matsayin maganin ido.

To amma a shekarar 2018 an fitar da sakamakon wani gwaji da ya fi wancan tsanani, shi ma a Amurka. An ɗauki mutum 535 masu bushewar ido, har da wasu masu ciwon Shogiren. Aka ba wasu ƙwayar man kifi mai yawa kullum, aka ba sauran ƙwayar man zaitun, ba wanda ya san abin da yake sha. Bayan shekara ɗaya sai aka ga duka ɓangarorin biyu sun ɗan samu sauƙi, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu.

Abin da za a ɗauka a nan shi ne, kada magidanci ya sayar da akuya don ya sayi ƙwayoyin man kifi masu tsada da ake yawo da su a tasha da cikin mota. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi kifin da dukan gida za su ci. Idan da hali, a sa kifi a miya sau biyu a mako. Ko bai kawo hawaye ba, yana gina jiki, yana kuma taimakon zuciya. An fi so a dafa shi cikin miya ko a gasa, maimakon a soya shi ƙayau a man da aka yi ta maimaitawa. Wanda ke shan maganin tsinka jini kada ya fara shan ƙwayar man kifi sai ya tambayi likita.

Bitamin A, da bushewar da abinci ke warkarwa

Akwai wata bushewar ido daban wadda ta fi yawa a karkara, kuma ita abinci yana maganinta sarai. Ita ce ta ƙarancin bitamin A. Ta fi kama yara ƙanana, musamman bayan ƙyanda ko gudawa mai tsawo, da mata masu ciki. Alamarta ta farko ita ce dundumi. Da magariba ta yi sai yaro ya daina gani sosai, yana tuntuɓe da kwanuka. Daga baya farin ido ya bushe ya yamutse, wani farin abu kamar kumfar sabulu ya fito a kansa. Idan ba a yi sauri ba baƙin ido ya yi gyambo, hakiya ta fito, ido ya tafi. Wannan ne dalilin da ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 bitamin A a baki sau biyu a shekara. Kada a bari ya wuce yaro.

Mai ciwon Shogiren ba ƙarancin bitamin A ne ya jawo masa ciwo ba, don haka bitamin ɗin ba zai warkar da shi ba. Amma idan ƙarancin ya haɗu da ciwon, wahala ta zama biyu, domin bitamin A ne ke taimakon ido wajen yin yauƙin nan da ke riƙe hawaye.

Abin farin ciki, wannan ba sai an je birni ba. Manja yana cike da shi. Haka zogale, alayyahu, rama, ganyen wake, kabewa, karas, gwanda, mangwaro nunanne, da dankalin Hausa mai jan ciki. Akwai shi a gwaiduwar ƙwai, da man shanu, da hanta. Sai dai akwai dabaru. Idan aka bar manja a wuta har ya yi hayaƙi janshi ya gushe, amfanin ya tafi tare da jan. Ganyen da za a shanya, a shanya shi a inuwa, domin rana tana cinye bitamin ɗin. Kuma jiki ba ya ɗaukarsa daga ganye sosai sai da ɗan mai. Ashe kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, wanda wasu ke rainawa, haɗi ne da ya dace.

Ƙwayar bitamin A ta kemis kuwa, yawanta guba ne. Tana taruwa a hanta. Ga mai ciki tana iya nakasa ɗan da ke ciki. Ko hantar dabba ma, mai ciki kada ta yawaita cinta. Wanda ke cikin ganye da manja ba ya yin wannan illa.

Ruwa, sukari da busasshen baki

Shan ruwa da yawa ba zai tayar da maɓuɓɓugar da ta lalace ba. Amma ƙishirwa tana ƙara busar da ido, musamman a bazara ga mai aikin gona ko mai tafiyar ɗiban ruwa. Abin da ya fi shi ne kurɓa kaɗan-kaɗan a kai a kai, gora tana kusa dare da rana. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur. Idan ciwon ya yi tsanani, ya nemi shawarar likita da ta malami.

Inda abinci ya fi nuna aikinsa a fili shi ne a baki. Yawu ne ke wanke haƙora. Idan ya ragu, haƙora sukan ruɓe da sauri, har mutumin da bai taɓa ciwon haƙori ba ya fara rasa su ɗaya bayan ɗaya. Babban kuskuren da ake yi shi ne a riƙa tsotsar alewa ko kurɓar lemon kwalba da shayi mai zaƙi don a jiƙa baki. Sauƙin na ɗan lokaci ne, ɓarnar kuwa mai daɗewa. A rage sukari sosai, a fura da koko da zoɓo duka. Cingam marar sukari yana jawo yawu. A goge baki safe da dare da man goge baki, a kuskure bayan kowane cin abinci.

Miyar yauƙi abokiyar mai wannan ciwo ce. Kuɓewa, karkashi, lalo da kuka duk suna sa tuwo ya wuce ba wahala. Haka fate, kunun gyaɗa, nono, da wake da ya dahu luguf. Yaji mai yawa da tsami mai yawa sukan sa busasshen baki raɗaɗi. Kilishi da soyayyen abu mai tauri suna iya yanka shi. Goro yana ƙara ɗaure baki. Taba da giya kuwa suna busar da ido da baki duka, barinsu shi ne daidai.

Hane-hanen da ba su da tushe

Masu ciwo mai daɗewa sukan sha shawara iri-iri. Wannan ya ce a bar nono, wancan ya ce a bar alkama, wani ya ce a bar nama da ƙwai da tumatir. Babu tabbataccen binciken da ya nuna cewa barin waɗannan yana warkar da ciwon Shogiren. Akwai 'yan kaɗan da cikinsu ba ya karɓar alkama, su likita ne zai gano su ta gwaji. Ga sauran jama'a, wanda ya bi duk hanin nan zai wayi gari ba abin da ya rage masa sai tuwo da ruwa, ya ƙara wa kansa rama da ƙarancin jini.

Wanda yake zargin wani abinci yana tayar masa da ciwo, ga hanya mai sauƙi. Ya bar wannan abu ɗaya tak na mako uku. Kullum ya rubuta a ɗan littafi yadda idonsa da gaɓoɓinsa suka wuni. Sannan ya koma cinsa ya sake rubutawa. Idan babu bambanci, ya ci abinsa.

Ana yawan kawo misalin Venus Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis ta Amurka. A shekarar 2011 ta janye daga babbar gasar ƙasarsu, ta sanar cewa tana da ciwon Shogiren. Ta canza abincinta zuwa ganyaye da 'ya'yan itatuwa da hatsi. Ta dawo wasa, har a 2017 ta kai wasan ƙarshe a manyan gasanni biyu, na Ostireliya da na Wimbledon a Ingila. Labarinta yana ƙarfafa gwiwa. Amma a tuna tana da likitoci masu kula da ita, kuma abin da ya karɓi mutum ɗaya ba lalle ya karɓi kowa ba.

Abin da ake yi wa idon kansa

Babban abin dogaro shi ne maganin ɗigawa da ake kira hawayen roba. Ruwa ne mai ɗan yauƙi da ke maye gurbin hawayen da ya ragu. Ana ɗiga shi sau da yawa a rana, tun kafin ido ya fara raɗaɗi. Akwai kuma mai kauri kamar man shafawa na lokacin kwanciya. Mai buƙatar ɗigawa fiye da sau 4 a rana ya gaya wa likita, domin akwai irin da ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, ya fi sauƙi ga ido. Kada bakin kwalba ya taɓa ido ko yatsa. Yawancin kwalaben nan ana yar da su wata ɗaya bayan buɗewa.

Gashi da ruwan ɗumi yana taimakawa. A tafasa ruwa, a bari ya huce ya zama mai ɗumi. A tsoma tsumma mai tsabta, a matse, a ɗora a kan ido a rufe na minti 5 zuwa 10. Sannan a murza fatar ido a hankali zuwa wajen gashi. Wannan yana narkar da maiƙon da ya daskare a kafofin nan.

Hayaƙin itace babban abokin gaba ne. A yi girki a inda iska ke wucewa, da busasshen itace, ko a samu mai taimako a murhu. Ranar sussuka da shiƙa, ko tafiya a kan babur, a sa tabarau mai rufe gefe. Kada a kwana fanka tana bugun fuska. Mai ɗinki da mai karatu da mai kallon waya ba sa ƙifta ido yadda ya kamata, don haka su riƙa ɗagowa suna hutawa. Kwalli yana toshe kafofin maiƙo, kuma an sha samun dalma a cikin wasu irinsa. Mai busasshen ido ya haƙura da shi.

Kada a ɗiga wa ido ruwan nono, ko fitsari, ko ruwan sukari, ko ruwan ganye da saiwa. Busasshen ido ba shi da kariya, ƙwayar cuta tana shigarsa da sauƙi. Haka kuma akwai wani maganin ɗigawa a kemis da ke kawar da jan ido nan take, mai sinadarin sitiroyid. Idan aka daɗe ana sa shi ba da sanin likita ba, yana kawo hawan jinin ido da yanar ido, mutum ya makance yana ganin magani yake yi. Wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, da wasu na hawan jini masu sa fitsari, suna ƙara bushewa. Kada a daina na hawan jini da kai, a dai sanar da likita.

Zuwa asibiti

Gwajin ba mai wahala ba ne. Likitan ido yakan saƙala 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5, ya auna inda hawaye ya jiƙa. Idan bai wuce milimita 5 ba, hawaye ya yi ƙaranci ƙwarai. Yakan ɗiga wani ruwa mai launi don ya ga wuraren da suka ƙuje a baƙin ido. Sannan a ɗebi jini a nemi alamar sojojin nan da suka juya. Idan asibitin kusa ba shi da kayan aiki, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, ko asibitin koyarwa mafi kusa. A tafi da duk kwalaben magani da ake sha ko ake ɗigawa, har da na gargajiya.

Akwai abin da likita zai iya yi idan ɗigo bai isa ba. Akwai ƙwayar da ke ƙara yawu da hawaye. Akwai maganin ɗigawa mai kwantar da kumburi. Ana kuma iya toshe 'yar kafar da hawaye ke zurarewa zuwa hanci, don ɗan abin da ya samu ya daɗe a ido.

Wasu alamu ba sa jiran ranar kasuwa. Idan ido ya yi ciwo mai tsanani, ko gani ya ragu farat ɗaya, ko farin tabo ya fito a baƙin ido, ko kwantsa mai ruwan ɗorawa ta yi yawa, a tafi asibiti ran nan. Haka idan gefen fuska a gaban kunne, ko wuya, ko hammata ya yi kumburin da ya ƙi sacewa, domin kaɗan daga masu wannan ciwo sukan kamu da wata irin sankara, kuma gano ta da wuri yana da amfani.

Macen da aka tabbatar tana da ciwon tana iya ɗaukar ciki ta haihu lafiya. Sai dai ta faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko. A cikin masu wata alama ta musamman a jini, jariri 1 ko 2 cikin 100 yakan zo da jinkirin bugun zuciya. Don haka ake so a riƙa sauraren zuciyar ɗan a kai a kai daga wata na huɗu, kuma haihuwar ta kasance a asibiti.